Tambayoyinku a Kan Lafiya: Idan Suga Ya Faɗi Ana Tsakiyar Aiki

Tun da damina ta kankama, wasiƙun da ke shigowa wannan fili daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka karkata ga magana guda, wato halin da masu ciwon suga ke shiga idan suna tsakiyar aikin ƙarfi. An daɗe ana yi wa mutanenmu gargaɗi a kan hawan suga, har kowa ya haddace cewa zaƙi abin gudu ne, amma ba a cika yi musu bayanin ɗaya ɓangaren ba, alhali shi ne yake kayar da mutum cikin 'yan mintuna. Saboda haka na ware filin wannan fitowa ga wasiƙu biyar da suka shafi faɗuwar suga da yadda ake gwada shi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita, barka da ƙoƙari. Ni manomi ne, shekaruna 56, kuma shekara shida ke nan da aka ce ina da ciwon suga. Ina shan ƙwayoyi iri biyu, metformin da Daonil. Al'adata ita ce in sha magani bayan sallar asuba, in kurɓi koko ba suga, in saɓa fartanya. Tun da muka shiga noman farko, da zarar hantsi ya ɗaga sai jikina ya kama rawa, gumi mai sanyi ya keto mini, yunwa ta taso mini gadan-gadan, ganina ya dushe. Makon jiya sai da na zube a kan kunya. Yarana sun ce sugan ne ya hau, har babbansu ya ce in ƙara ƙwaya ɗaya, wani maƙwabcina kuma ya ce iska ce. Shin hawan suga ne? Ko in haƙura da gona in bar wa yara?
Daga wani manomi, yankin Auyo, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara afuwa. Kafin komai, ina roƙonka kada ka ƙara ƙwaya ko ɗaya a kan abin da aka rubuta maka, domin duk abin da ka siffanta alamar faɗuwar suga ce, kuma ƙarin magani a irin wannan hali yana iya jefa mutum cikin doguwar suma. Hawan suga ba ya zuwa farat ɗaya. Yakan ɗauki kwanaki yana taruwa, da ƙishirwa da yawan fitsari da kasala. Abin da ke kama mutum nan take da rawar jiki da gumi mai sanyi da bugun zuciya da matsananciyar yunwa, wannan faɗuwa ce, kuma maganar iska ba ta taso ba.

Bari in yi maka bayanin yadda abin yake faruwa, don idan ka gane shi za ka ga inda gyaran yake da kanka. Duk sugan da ke yawo a jinin babban mutum a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cikin cokalin shayi ɗaya, kuma da wannan ɗan kaɗan ɗin ƙwaƙwalwa take aiki, tunda ba ta da wata ajiya tata ta a-zo-a-gani. Abin da ke hana shi ƙarewa shi ne hanta, wadda take riƙe da ajiyar da ta kai kimanin giram 100. Hanta kamar rumbu take, ana ɗiba daga cikinta tsakanin abinci da abinci, kuma kafin asuba an riga an ɗebi kaso mai yawa cikin dare. To, idan ka sunkuya da fartanya, tsokokin bayanka da cinyoyinka da damatsanka suna zuƙar suga daga jini ninkin-ba-ninkin abin da suke zuƙa idan kana zaune. Ga wanda ba ya shan magani, jiki yakan lura da haka ya rage insulin ɗin da yake fitarwa, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, hanta ta ƙara sakin ajiyarta, lamarin ya daidaita. Kai kuwa ka sha Daonil, wanda sunansa na asali glibenclamide, kuma aikinsa shi ne ya matsa wa jiki ya yi ta fitar da insulin ko sugan ya sauka ko bai sauka ba, ƙarfinsa kuma yana iya kaiwa awa 24. Shi insulin yana tura suga cikin tsoka, yana kuma hana hanta sakin nata. Ka ga ke nan abu uku sun haɗu a kanka a safiya guda: magani mai ƙarfi, da tsararon kokon da ba ya riƙe ciki, da aikin da a lissafin likita motsa jiki ne mai nauyi na awa uku ko huɗu a jere.

Wannan na ƙarshe shi ne ake yawan mantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma shawara ce mai kyau ga wanda yake wuni a ofis ko a shago. Manomi kuwa yana cika wannan adadi kafin rana ta take a yini guda, amma shi da kansa ba ya kiran noma da sunan motsa jiki, don haka ba ya faɗa wa likita, likita kuma sau da yawa ba ya tambaya. Maganin da aka auna maka da rani, lokacin da kake wuni a gindin inuwa, yana iya yi maka yawa da damina ba tare da an canja komai a cikinsa ba.

Ma'aunin da za ka riƙe shi ne 70. Idan na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, suga ya faɗi ko da ba ka ji komai ba. Idan ta nuna ƙasa da 54, abin ya kai haɗari, domin a nan ne ƙwaƙwalwa take fara gazawa, mutum ya rikice, harshensa ya yi nauyi, ya yi ta faɗa ba dalili ko ya yi tangaɗi, daga nan kuma sai suma ko jijjiga.

Da zarar ka ji alamar farko, ka ajiye fartanya nan take, kada ka ce bari in ƙarasa wannan kunya. Ka zauna a inuwa, idan na'ura tana kusa ka gwada, idan ba ta kusa kada ka ɓata lokacin nemanta. Ka sha abu mai zaƙi da ke saurin shiga jini wanda ya kai giram 15: suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a cikin ruwa, ko ƙwayar sugan kwali uku zuwa huɗu, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo irin na yau da kullum, ban da wanda aka rubuta babu suga a cikinsa. Idan babu waɗannan, guntun mazarƙwaila da ya kai girman babban yatsan hannu ko dabino uku za su yi. Ka jira minti 15 ka sake gwadawa, idan har yanzu yana ƙasa da 70 ko jikinka bai dawo ba, ka maimaita. Gyaɗa da ƙuliƙuli da nama da nono ba su ne na farko ba, saboda maiƙonsu yana jinkirta shigar suga; amfaninsu yana zuwa ne bayan ka farfaɗo, lokacin da za ka ci abinci sosai don kada sugan ya sake zamewa. Na san akwai masu ciwon suga da shekara da shekaru ba su ɗanɗana suga ba, har suna jin tsoron sa shi a baki ko a irin wannan hali. A wannan lokacin suga shi ne maganin, kuma ko da a ce kuskure aka yi sugan a sama yake, cokali huɗu ba zai yi wata ɓarna ba, alhali hana shi ga wanda nasa ya faɗi yana iya jawo asarar rai. Haka nan idan ka kasa bambancewa tsakanin faɗuwar suga da galabaitar zafin rana, ka sha zaƙin, ka bi shi da ruwa.

Akwai wani abu da ya keɓanci maganinka. Saboda glibenclamide yana daɗewa a jiki, sugan da ya faɗi da hantsi yana iya sake faɗuwa da azahar ko da dare. Ranar da hakan ta faru aiki ya ƙare, kuma duk ranar da abin ya kai ka zube ko ka fita hayyacinka, asibiti za a kai ka a ranar ko da ka ji ka warware.

Game da rigakafi, karin kumallo ya zama abinci na gaske: ɗumame, ko koko mai kauri da ƙosai, ko fura da nono ba a zuba suga ba. Ka gwada kafin ka fita, idan ka ga ƙasa da 100 ka ƙara cin wani abu tukuna. Ka sa ƙwayoyin suga a leda cikin aljihun rigar da kake noma da ita, domin wanda aka bari a buhu a bakin gona yana iya yi wa mai jiri nisa. Ka riƙa tsayawa duk bayan awa guda ka sha ruwa ka ɗan taɓa abinci, kada ka je gona mai nisa kai kaɗai, kuma ka zaunar da yaranka ka faɗa musu alamomin da abin da za su yi, tunda mai faɗuwar suga wani lokaci shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Idan da babur kake zuwa, kada ka hau shi sai bayan kamar minti 45 da dawowar sugan daidai.

Sannan cikin wannan mako ka koma wurin likitan da yake duba ka, ko ka je babban asibitin Haɗeja tunda yana kusa da ku, ka faɗa masa ƙarara cewa ka zube a gona, ka kuma faɗi irin aikin da kake yi da tsawon lokacinsa. Ka nemi a gwada ƙodarka, domin raunin ƙoda yana sa wannan magani ya taru a jiki. Akwai ɗan'uwansa da ake kira gliclazide wanda bai kai shi kayar da suga ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, kai kuwa ka doshi can. Ragewa ko canjawa aikin likita ne, amma kai ne za ka kai masa labarin da zai yi aiki da shi. Gona kuwa kada ka bar ta. Noma yana sauke suga, yana taimakawa wajen rage hawan jini, yana rage ƙiba, kuma zaman gida zai fi cutar da kai. Sai dai ka riƙa sa takalmi, ka duba tafin ƙafarka kowace yamma, don ƙayar da mai ciwon suga bai ji shigarta ba tana iya zama gyambo.

Tambaya: Likita, ina gaisuwa. Maigidana yana allurar insulin safe da yamma, mai launin madara, kuma a cinya yake yi. Duk ranar Alhamis yakan hau keke ya je kasuwar Maigatari ya dawo, sauran ranaku kuma yana gona. Na lura duk ranar da ya sha wahala sosai, cikin dare sai ya jiƙe sharkaf da gumi, yana sambatu, da safe ya tashi da ciwon kai. Wani dare na yi ta tashinsa da ƙyar ya buɗe ido. Tunda da rana ya yi aikin, me ya kawo wannan cikin dare? Me zan yi idan ya ƙi tashi?
Daga wata uwargida, yankin Gumel.

Amsa: Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri, domin lurar da kika yi ita ce za ta tsare maigidanki. Aikin ƙarfi ba ya gama tasirinsa a lokacin da aka ajiye shi. Tsoka ma tana da ajiyarta ta suga, kuma idan aka ƙarar da ita da rana, takan yi ta janyo suga daga jini tana mayar da gurbi har tsawon awa 24. Wannan janyowa tana haɗuwa da ƙarfin allurar yamma a tsakiyar dare, lokacin da mutum yake barci ba zai ji rawar jiki ba balle ya nemi abinci. Gumi da sambatu da munanan mafarkai da ciwon kan safe duk sanannun alamomin faɗuwar suga ne cikin barci.

A daren duk ranar da ya yi aiki mai nauyi, ya gwada kafin ya kwanta. Shawarata ita ce idan ya ga ƙasa da 120 a irin wannan dare, ya ci wani abu mai riƙe ciki, kamar ɗan tuwo ko fura da nono ko gurasa da gyaɗa. Na 'yan dararen Alhamis, ki daure ki tashe shi wajen ƙarfe 2 zuwa 3 a gwada, a rubuta abin da aka gani, domin wannan lamba ce za ta nuna wa likita ko allurar yamma tana bukatar ragi a ranakun wahala. Likitoci sukan rage, amma adadin ragin ya danganta da mutum, don haka kada ya yanke da kansa, kuma kada tsoro ya sa ya bar allurar gaba ɗaya. Batun cinya ma yana da muhimmanci. Gaɓar da ke aiki jini ya fi gudu a cikinta, saboda haka insulin ɗin da aka yi a cinya kafin a taka keke yakan shiga jiki da sauri fiye da yadda aka saba, zafin rana kuma yana ƙara masa sauri. Ranar kasuwa da ranar noma ya yi allurar a fatar ciki, ya ɗan nisanci cibiya, ya kuma tafi da suga a aljihu, ya riƙa cin wani abu a hanya ba sai ya ji yunwa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damunki. Idan kin tashe shi ya buɗe ido, yana iya tashi zaune, yana kuma iya haɗiya, ki tallafe shi zaune ki ba shi ruwan suga kurɓi-kurɓi, ko da yana musu ko yana masifa, domin wannan masifar ma daga ciwon take. Idan kuwa bai farka ba, ko yana jijjiga, kada ki ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko koko ko rubutu, saboda zai iya wucewa huhu ya shaƙe shi. Kada kuma a cusa masa cokali tsakanin haƙora. Ki kwantar da shi a gefe ɗaya, ki ɗan karkatar da fuskarsa ƙasa don yawu ya fita, ki ta da mutane a kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jiran gari ya waye ba, addu'a kuma a yi ta a hanya. Da kun isa, kalmar farko da za ki faɗa ita ce mai ciwon suga ne kuma yana allurar insulin, ki nuna musu kwalbar. Ruwan gulukos da ake sawa ta jijiya yakan farfaɗo da mutum cikin mintuna kaɗan idan an kai shi da wuri. Akwai kuma allurar glucagon mai ɗaga suga da iyali ke iya yi a gida, sai dai ba kasafai ake samunta a shagunan magani na ƙauye ba; ku tambayi likitansa ko zai iya samar muku ya koya miki. Tun yau ki ajiye suga da kofin ruwa da tocila a gefen shimfiɗa, ki kuma riƙe lambar wayar mai mota ɗaya a garinku wanda kuka yi magana da shi tun kafin bukata ta taso.

Ki kuma sani cewa yawan faɗuwar suga yana dakushe alamomin gargaɗi, har mutum ya kai ba ya jin rawar jiki sai dai a ga ya faɗi. Idan maigidanki ya fara haka, likita zai sassauta masa maganin na wasu makonni don jikin ya dawo da jin alamar. Wasu magungunan hawan jini irin su propranolol su ma suna ɓoye bugun zuciya da rawar jiki, don haka ku tafi da duk magungunansa a gani.

Tambaya: Ni malamin firamare ne, ni nake gwada wa mahaifiyarmu suga, tana shan gliclazide kuma ba ta zama, kullum tana gona ko tana bin awaki. Na'urarmu tana nuna 5.8 ko 6.4, ta maƙwabcinmu kuwa tana nuna 105 ko 130, har Inna ta ce tata ta lalace. Ga shi tsinken gwajin, wanda ake ɗiga wa jini a na'ura, ya yi tsada. Yaushe ya fi dacewa in yi amfani da ɗan abin da muke da shi?
Daga wani malami, yankin Gwaram.

Amsa: Malam, ka gaida Inna, ka ce mata na'urarta lafiya lau take. Ma'auni biyu ne ake amfani da su a duniya, kuma za ka ga an rubuta a gefen lambar, ko mg/dL ko mmol/L. Taku ta biyun ce, sai ka ninka lambarta sau 18 ka sami ta maƙwabcinku: 5.8 ya zama kimanin 104. A na'urarku, 70 ɗin da na ambata shi ne 3.9, 54 shi ne 3.0, 100 kuma 5.6. Ka rubuta waɗannan a takarda ka liƙa a jikin jakar na'urar, domin wanda ya ga 3.5 bai san ma'anarsa ba zai iya wucewa abinsa. Idan ta nuna LO, sugan ya yi ƙasa har ya wuce abin da take iya aunawa, a ba da zaƙi nan take.

Yawancin gidaje suna ƙarar da tsinkensu a gwajin safe kafin karin kumallo, kullum a lokaci guda. Wannan gwaji yana da amfaninsa, amma ba ya faɗa maka komai a kan abin da aiki yake yi wa jikin Inna. Ga mai ƙarancin tsinke, na fi son gwaji bibbiyu: ɗaya kafin ta fita, ɗaya da ta dawo, na kwana uku ko huɗu a farkon kowane sabon aiki, kamar shigar noma ko maimai ko roron wake. Ka sami littafin rubutu ka riƙa sa rana da lokaci da lamba da abin da ta ci da aikin da ta yi. Idan ka ga tana fita da 7 tana dawowa da 4.2, ka san wannan aiki yana cin kusan 3, kuma ranar da ta tashi da 6 sai ta ƙara abinci kafin ta fita. Bayan ka gane yanayinta sai ka rage gwajin, ka ajiye tsinke saboda lokutan da ba a yi musu rowa: idan ta ji alama, da daren ranar wahala, da lokacin da aka canja magani, da lokacin rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kayar da suga, maganin kwinin ma haka, ga shi marar lafiya ba ya cin abinci.

Lamba kuma tana yin ƙarya idan ba a kula ba. Wanda ya sha rake ko ya taɓa dabino ko mangwaro, ragowar zaƙin da ke yatsansa zai iya sa na'ura ta nuna sama alhali sugan a ƙasa yake, kuma wannan kuskure ne mai haɗari. A wanke hannu da ruwa da sabulu, a bari ya bushe, a huda gefen kan yatsa. Idan a gona ne babu ruwa, a share ɗigon farko a gwada na biyu. Tsinke ba ya son zafi da laima, yawancinsu an ce a ajiye su ƙasa da digiri 30, mu kuwa da bazara muna haura 40, don haka kada a bar su a rana ko a akwatin babur, a rufe kwalbarsu da zarar an ɗauki ɗaya, a kuma duba ranar ƙarewar aikinsu kafin a saya. Ko na'ura mai kyau tana iya saɓawa da na ɗakin gwaji da kimanin kashi 15 cikin 100, shi ya sa idan ta nuna 4.2 amma Inna tana rawar jiki, jikinta za ka gaskata.

Wataƙila ka ji labarin 'yar na'urar da ake mannawa a dantse, irin su FreeStyle Libre, wadda take aiki kwana 14 tana nuna suga ba tare da huda yatsa ba. Tana da amfani ƙwarai ga masu insulin, musamman don gano faɗuwar dare, amma tana da tsada, kuma ruwan da ke ƙarƙashin fata take aunawa, wanda yake bin bayan jini da minti 5 zuwa 15, don haka a tsakiyar aiki tana iya nuna lambar da ta riga ta wuce. Ga Inna, littafin rubutu da gwaji bibbiyu sun wadatar.

Tambaya: Likita, ni metformin kaɗai nake sha. Ina daka, ina surfe, ina jan ruwa a rijiya. Ni ma sai na riƙa yawo da suga? Ina kuma shan wani jiƙon sassaƙe da aka ce yana sauke suga.
Daga wata baiwar Allah, yankin Kura, Jihar Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, hankalinki ya kwanta. Metformin ba ya tilasta wa jiki fitar da insulin, don haka shi kaɗai da wuya ya kayar da suga, kuma bai kamata ki riƙa cin zaƙi kafin daka da sunan rigakafi ba, don hakan zai rushe amfanin aikin. Ki ci gaba da aikinki, ki ci abinci a kan lokaci. Jiƙon ne ban natsu da shi ba, domin ba a san ƙarfinsa ba, na yau ba lallai ya zo daidai da na gobe ba, kuma wasu saiwoyi da sassaƙe suna wahalar da ƙoda da hanta. Ki faɗa wa likitanki kina sha, kuma idan kin taɓa jin rawar jiki da gumi bayan kin sha, ki gwada a lokacin. Ranar da aka ƙara miki wani magani a kan metformin, ki tambaya ko yana cikin masu kayar da suga.

Tambaya: Ina noman rani, ina shan glimepiride, kuma ina azumin Litinin da Alhamis. Ga Ramadan ma yana faɗowa lokacin ban-ruwa. Huda yatsa yana karya azumi? Yaushe ya wajaba in sha ruwa?
Daga wani dattijo, yankin Kazaure.

Amsa: Baba, Allah ya karɓi ibada. Glimepiride dangin glibenclamide ne, don haka duk abin da na faɗa wa manomin da ya yi tambayar farko ya shafe ka, azumi kuma yana ƙara haɗarin. Malamai da likitocin da suka yi nazarin ciwon suga da azumi sun tafi a kan cewa huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi, kuma kana iya tabbatarwa wurin limaminku. Ƙa'idar da aka bayar ita ce mai azumi ya karya idan sugansa ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko ya ji alamomin faɗuwa, ko da saura minti goma a kira magariba, kuma Allah ya yi wa marar lafiya rangwamen ya rama daga baya. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin la'asar da faɗuwar rana, saboda haka ka mayar da aiki mai nauyi farkon safiya, ka jinkirta sahur zuwa gab da asuba, ka gwada da tsakar rana da kuma bayan la'asar. Azumin nafila a ranar da za ka wuni kana ban-ruwa ko yankan alkama ban ba ka shawararsa ba, sai ka zaɓi ranakun da aiki ya yi sauƙi. Na Ramadan kuwa, ka je wurin likitanka da wata ɗaya ko biyu kafin a ga wata, domin akan mayar da irin wannan ƙwaya lokacin buɗa-baki, wani lokaci a rage ta, kuma sai ya duba littafin gwajinka zai san wanda ya dace da kai.